Kare da ciyawa: ciwo ne, yunwa ce, ko gado?

Kwana biyar bayan ruwan shuka, filin da ke bayan gidanmu a Maraɗi ya yi tsanwa shar. Da hantsi na fito na iske yaran unguwa sun yi da'ira suna ta ƙyalƙyala dariya. Abin da ya tara su kuwa karen maƙwabcina ne, wani ja mai dogayen ƙafafu, ya duƙa cikin sabuwar ciyawa yana tsinkarta da gefen baki kamar ɗan akuya. Ba kowace yake ci ba. Sai ya sansana, ya wuce wannan, ya kama waccan mai laushi. Wani yaro ya ce ai kare ya tuba, ya bar cin nama. Mai karen, wani dattijo da ya yi halbi a ƙuruciyarsa, shi bai yi dariya ba.

Na ce: "Baba, lafiya karenka ya shiga kiwo?"

Ya ce: "Ɗana, cikinsa ne ya ɓaci. Kare likitan kansa ne. In ya ci wannan zai amayar da abin da ke damunsa, ya huta."

Muka zauna muna jira. Kare ya ci iya cinsa, ya goge baki a ƙasa, ya koma gindin bedi ya miƙe. Har aka kira azahar amai bai zo ba.

Maganar dattijon nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Daga Tawa zuwa Damagaram, duk wanda ka tambaya, makiyayi ne ko mahalbi ko mai gadin gida a Yamai, amsar da zai ba ka ke nan. Kuma tsohuwar magana ce ƙwarai. Fiye da shekara 2300 da suka wuce, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, ya rubuta cikin littafinsa na halayen bisashe cewa kare marar lafiya yana cin wata ciyawa don ya yi amai, mai tsutsar ciki kuma yana cin hatsin da ke tsaye a gona. Waɗanda suka yi lakwal sun san ciyawar nan da Faransawa ke kira chiendent, wadda ke wahal da masu garka saboda saiwarta mai yaɗo. Ma'anar sunan ita ce haƙorin kare. A wasu ƙauyukan Turai har cewa ake yi in kare ya ci ciyawa ruwa na tafe. A nan ƙasarmu dai abin a juye yake, sai ruwan ya zo kare ke samun ciyawar.

To amma daɗewar magana ba ita ce tabbacinta ba. Abin mamaki shi ne, duk da kowa ya san wannan hali na kare, sai a shekarun baya-bayan nan ne masana suka zauna suka ƙidaya shi.

Abin da ƙidaya ta nuna

A shekarar 2008 wasu likitocin bisashe na jami'ar Kalifoniya da ke garin Debis, a Amurka, suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun tattara amsoshin masu karnuka 1571 waɗanda karnukansu ke cin tsirrai. Kashi 68 cikin 100 sun ce karensu na yin haka kullum, ko kuwa kowane mako. Amma waɗanda suka ce sukan ga alamar rashin lafiya kafin cin ciyawar ba su kai kashi 10 ba. Waɗanda suka ce amai yakan biyo baya kuma kashi 22 ne. Ma'ana, a cikin karnuka biyar masu cin ciyawa, kusan huɗu lafiya lau suke ci, lafiya lau suke tashi, kamar dai jan karen maƙwabcina. An kuma lura ƴan kwikwiyo da matasan karnuka sun fi tsofaffi ci, kuma su ne suka fi ƙarancin amai.

Akwai ɗan abin da ya goyi bayan dattijo cikin wannan bincike, kada mu tauye masa haƙƙi: karen da ya riga ya nuna rashin lafiya kafin ya ci, shi ya fi saurin amayarwa. Ke nan idon mahalba bai yi ƙarya ba. Sun ga abin da suka gani. Kuskuren shi ne ɗaukar abin da ke faruwa jefi-jefi a mai da shi doka. Ɗan Adam yana tuna ranar da kare ya yi amai a tsakar gida, ba ya tuna kwana ashirin da ya ci ya wuce.

A ƙasar Ostareliya kuma, a jami'ar garin Armidel, ba tambayar mutane aka yi ba, karnukan aka sa wa ido. A 2007 an ajiye karnuka 12, ana kawo musu ciyawa iri biyu sau uku a yini har kwana shida. Sun ci ciyawa fiye da sau 700, amai kuwa sau biyar kacal aka gani. Abin da ya fito fili shi ne yunwa. Kafin a ba su abinci sun fi ɗoki ga ciyawar, in sun ƙoshi sai su rage, kuma da safe sun fi ci bisa ga maraice. A 2010 masanan wannan jami'a suka sake wata dabara: suka sa wa abincin karnuka wani sinadari mai kawo ɗan zawo marar haɗari, don su ga ko ɓacin ciki zai tura su ga ciyawa. Sai aka ga akasin haka. Masu zawon sun fi masu lafiya ƙin ciyawa.

Gadon daji

In ba magani ba ne, to mene ne? Sai mu waiwayi dangin kare na daji. Kakan kare shi ne kyarkecin ƙasashen sanyi, maci nama na sosai. Duk da haka, a gandun dajin Yalosuton na Amurka, da aka bincika kashin kyarketai 530 na lokacin zafi, an iske tsirrai cikin kashi 74 cikin 100, akasari ciyawa. Wani sashe yana shiga ne tare da tumbin abin da suka kashe, wani kuwa da gangan suke ci. Tun a 1944 wani masani mai suna Adolf Muri, wanda ya yi shekaru yana bin kyarketai a Alaska, ya ba da labarin kashin da ya gani da dogayen ganyen ciyawa, tsutsotsin ciki sun fito tare da su.

Wannan ya yi daidai da abin da aka gani ga manyan birai a tsaunukan Mahale na Tanzaniya. Sukan zaɓi ganye mai kaushi, su naɗe shi da harshe, su haɗiye ba tauna. Ganyen ya bi hanji ya fito yadda ya shiga, ya sharo tsutsotsi. Shi ya sa masu binciken Kalifoniya suka kawo shawarar cewa cin ciyawa tsohuwar sharar hanji ce da kare ya gada. Ba sai ya ji tsutsa yake yi ba. Halitta ce ta sa masa yin sharar lokaci-lokaci, kamar yadda matar kirki ke share ɗaki ko ba ta ga datti ba. Hakan kuma zai iya bayyana dalilin da ya sa ƙanana suka fi ci, tun da su tsutsa ta fi kamawa. Shawara ce mai ma'ana, amma shawara ce. Kada wani ya ji wannan ya ce ciyawa ta ɗauke masa sayen maganin tsutsa.

Abu guda da ba a gardama a kansa shi ne, kare ba ya samun abin kirki na gina jiki daga ciyawa. Saniya da tunkiya suna da ciki mai ɗaki huɗu, cike da ƙwayoyin halitta masu ruɓar da ganye, ga kuma tuƙa. Kare ba shi da ko ɗaya. Haƙoransa na yanka ne, ba na niƙa ba, hanjinsa gajere ne. Ciyawa tana fita kusan yadda ta shiga, kowa ya gani da idonsa. Aikinta shi ne ta cika ciki, ta motsa hanji. In kuma ya haɗiyi dogayen ganye da gaggawa ba tauna, sai su sosa maƙogwaro da bangon ciki, amai ya zo.

Kwanon karenmu

Yanzu sai mu dawo gida, domin a nan ne maganar take da nauyi. Karnukan da aka ƙidaya a Amurka da Ostareliya ƙosassu ne, masu abinci na musamman cikin buhu, masu allura da maganin tsutsa a kan kari. Binciken Kalifoniya bai ga bambanci ba tsakanin irin abincin da ake ba kare da yawan cin ciyawarsa, amma a ganina ba za a ɗauko wannan hukunci a ɗora wa karen Sabon Gari ko na rugar Dakwaro kai tsaye ba. Can ana kwatanta ƙoshi da ƙoshi ne. Mu kuwa mene ne a kwanon karenmu? Ƙanzo, da ruwan wanke-wanke, da guntun tuwon jiya in yara sun rage, sau ɗaya a yini, da dare. Wani ma ba a san da kwanonsa ba, an bar shi da juji da bakin mahauta. Akwai kuma masu cewa da gangan suke barin kare da yunwa don ya yi zafin gadi. Wannan ba gaskiya ba ne. Kare mai yunwa barin gida yake yi ya tafi neman abinci, daidai lokacin da ɓarawo ke so.

Ba wai tuwo ba abincin kare ba ne. A 2013 masana a jami'ar Ufsala ta ƙasar Suwidin sun gano wani abin sha'awa: ƙwayar gadon da ke sa jiki ya narkar da sitacin hatsi, kyarkeci yana da biyu ne kawai, kare kuwa daga 4 har zuwa 30. Zama da manomi na dubban shekaru ya sake masa ciki. Mu ma muna da shaida a arewacin Tawa. Karen Azawak, siririn nan mai dogon wuya da Buzaye ke ji da shi, wanda aka fara kai wa Turai a shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da irinsa a 2019, ba da nama zalla aka raine shi ba. Abin da iyalin tanti ke ci shi yake ci, hatsi da nono, sai kuma abin da ya kamo na zomo ko gafiya. A lura da wannan nono da wannan zomo, domin su ne ke cike giɓin.

In aka cire su aka bar tuwo tsura, musamman tuwon masara, akwai ciwon da ke jira. A kudancin Amurka, farkon ƙarni na 20, talakawa masu rayuwa a kan masara suna fama da wani ciwo mai ɓata fata da kawo zawo da taɓa hankali, karnukansu kuma suna mutuwa da wani ciwo da ake kira baƙin harshe: baki ya yi gyambo, ya yi ɗoyi, miyau na zuba. Likita Josef Golbaja ya nuna a shekarun 1920 cewa ciwon mutum da na kare tushensu guda, rashin wani abu ne a abinci. A 1937 Konrad Elbiyem na jami'ar Wiskonsin ya warkar da karnuka masu baƙin harshe da sinadarin da ya ciro daga hanta, wato bitamin ɗin da ake kira niyasin. Yanzu da masara ta shiga tukunyar gidaje da yawa a biranenmu, wannan tsohon labari bai yi mana nisa ba.

Likitocin bisashe na Faransa suna da tsohon ma'auni na abincin kare na gida: kashi ɗaya nama, kashi ɗaya shinkafa, kashi ɗaya kayan garka. Na san mai karatu zai yi murmushi. A gidan da yara ke ganin nama ran Juma'a kaɗai, wa zai ba kare sulusin kwano? Amma ma'aunin yana nuna hanya, ko ba a kai ƙarshenta ba. Abin gina jiki ba sai tsoka ba. Tumbi da huhu da saifa da guntattakin da mahauta ke sayarwa da araha sun isa, in an dafa. Akwai garin ƙananan busassun kifi, akwai dafaffen ƙwai ko da sau biyu a mako, akwai wake da ya dahu ya yi luguf, akwai fara lokacinta, muddin ba daga inda aka yi feshi ta fito ba. Nono mai tsami ya fi madara ɗanya karɓuwa ga cikin babban kare, don madara takan sa wasu zawo. Hanta kuwa kaɗan ake sawa, yawanta na cutarwa. Hatsi da nama duka ba su da isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi, saboda haka ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka shanya, aka dake ya zama gari, rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na abinci, yana da amfani, tun ba ga karya mai shayarwa ba.

Na ce in an dafa, kuma ina so in tsaya a kan wannan. Kowa ya taɓa gani, ran layya ko a mahauta, an buɗe tunkiya an iske huhu ko hanta da wasu ƙulli masu ruwa kamar ƙwai. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. To wannan ƙullin gidan ƴaƴan wata tsutsa ce, kuma cikin hanjin kare take girma. Daga nan ƙwayayenta su fita cikin kashinsa, su zauna a kan ciyawa da ƙasa da gashinsa, tumaki su ci, yara su shafa su kai hannu baki. A jikin mutum sai ta yi irin wannan ƙulli a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma, wani lokaci sai an yi aiki a likita. Haka nan kan tunkiya mai ciwon juwa, wadda ke zagaye wuri guda: in aka ba kare ɗanye, an shuka ciwon ga sauran garke. Abin da ke da ƙulli binnewa ake yi da zurfi ko a ƙone. Sauran kayan ciki kuma a tafasa su sosai.

Inda abinci ke rage cin ciyawa

Akwai labari guda da likitocin bisashe ke yawan kawowa. A Koriya ta Kudu, a 2007, an ba da rahoton wani ƙaramin kare mai shekara 11 da ya yi shekara bakwai kullum sai ya ci tsirrai ya amayar. An yi masa awo iri-iri ba a ga ciwo ba. Sai aka sake masa abinci, aka ba shi mai yawan dusa-dusa, wato irin zaren nan na ganye da ɓawon hatsi da ciki ba ya narkarwa amma hanji ke bukata. Cikin kwana uku ya bari, kuma an bi shi wata 13 abin bai dawo ba. Kare guda ne, kuma kare guda ba ya zama hujja a kan dubu. Amma gwajin ba shi da tsada kuma ba shi da haɗari, ga shi kayan suna kasuwarmu. Dafaffiyar kabewa cokali biyu ko uku a kan abinci, ko dankali, ko karas, ko kuɓewa. Dusar hatsi ma tana yi, ƴar kaɗan, a dafa ta cikin tuwon. Mu da muke surfe hatsi mu ba awaki dusar, mu ba kare farin tuwo, mun raba shi da abin da yake fita nema a bayan gida. A riƙa ƙarawa sannu-sannu cikin mako guda, domin sauya abinci farat ɗaya shi kansa yana kawo zawo.

Abu na biyu ya fi wannan sauƙi, kuma ko dala ba ya ci: a raba abincin biyu. Akwai karnukan da in cikinsu ya daɗe wayam, ruwan matsarmama yakan komo cikin tumbi ya dame su. Su ne za ka gani da asuba suna lasar leɓe, suna haɗiyar miyau, su ruga su cusa ciyawa ba zaɓe, sa'an nan su amayar da kumfa rawaya. Irin wannan sau da yawa ɗan abinci da safe da wani kafin kwanciya yana kashe maganar. Ruwa kuma kada ya yanke. Kare mai kilo 20 yana bukatar fiye da lita guda a yini, a watan Afrilu da Mayu kuwa sai a ninka.

Sai kaɗaici. Karen da aka ɗaure da sarƙa tun safe har dare, ba yawo ba wasa, zai ci duk abin da bakinsa ya kai, ciyawa ce, tsumma ne ko igiyarsa. Wannan ba kabewa ce maganinsa ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a fitar daga kwanon. Na farko albasa. Mu mutanen ƙasar Galmi ne, miyarmu ba ta yi sai da ita, amma albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu ko busassu. Albasa matsakaiciya guda tana iya cutar da kare mai kilo 20, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Saboda haka a ɗebar masa tuwonsa kafin a zuba miya. Hakan ya raba shi da yawan gishiri da magi da tonka. Goro da shayi da cakulan ba nasa ba ne. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa kamar allura ya huda hanji. Hatsi ko ƙuli-ƙulin da ya yi hunhuna, wanda muke cewa a ba kare tun da mutum ba zai ci ba, yana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma kare yana cikin bisashen da wannan dafi ya fi yi wa lahani.

Ita kanta ciyawar

Sabuwar ciyawar damina mai tsabta ba ta da laifi. Laifin yana ga inda ta tsiro. Ta bakin garka da gonar da aka fesa wa maganin ƙwari ko na kashe haki tana iya kashe kare cikin sa'o'i: miyau, makyarkyata, zawo, faɗuwa. In an ga haka a ruga da shi wurin likitan bisashe tare da kwalbar maganin in an same ta. Ta bakin juji da magudana cike take da ƙwayayen tsutsa. Da kaka kuma, in ƙarangiya ta bushe, ƙayarta na maƙalewa a maƙogwaro da kunne da tsakanin yatsu. Tumfafiya da zurma da zaƙami da bini-da-zugu duk dafi ne, haka ma furen nan laurier-rose da ake shingen manyan gidaje da shi a Yamai, wanda ganyensa kaɗan ya isa ya tsai da zuciya. Babban kare yakan kauce musu, ɗan kwikwiyo kuwa bai san komi ba sai tauna.

Maganin tsutsa na gaskiya yana wurin ma'aikatar bisashe da farmasin dabbobi. Ɗan kwikwiyo yakan zo duniya da tsutsa tun daga cikin uwarsa, shi ya sa ake fara ba shi magani yana da mako biyu, a maimaita kowane mako biyu har ya kai wata biyu, sa'an nan wata-wata har wata shida. Babba kuma aƙalla sau huɗu a shekara. Kada a ɗauki ƙwayar ciwon jiki ta mutane daga tiren masu yawo da magani a ba kare. Irin su ibuprofen da diklofenak suna huda masa ciki su kashe ƙoda.

Ranar da ba wasa ba ce

Karen da ke tsinkar ciyawa a natse, yana cin abincinsa, yana wasa, kashinsa daidai, a ƙyale shi. Wanda za a kai wa likita shi ne mai amai a kai a kai, ko amai da jini, ko baƙin kashi kamar kwalta, ko mai ramewa, ko wanda ya ƙi abinci ya wuce yini biyu, ko mai yunƙurin amai ba abin da ke fita ga ciki ya kumbura. Wannan na ƙarshe ba ya jiran gobe.

Amma akwai wanda ya fi duk waɗannan, kuma saboda shi ne na ga ya kamata a yi wannan rubutu. Cin abin da ba abinci ba yana cikin alamun haukan kare. In kare ya sake hali farat ɗaya, mai fara'a ya koma ɓuya ko mai tsoro ya koma faɗa, muryarsa ta sake, miyau na dalala, yana cizon icce da dutse da ƙasa da kara da leda yana haɗiyewa, to wannan ba kiwon damina ba ne. Sau da yawa muƙamuƙinsa yakan saki, baki ya zauna a buɗe, sai mai shi ya ɗauka ƙashi ne ko ƙarangiya ta maƙale, ya sa hannu zai ciro. Mutane sun rasa rayukansu ta wannan hanya. Kada a sa hannu. A tsare shi inda ba zai kai ga kowa ba, a kira ma'aikatan bisashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma kafin su bayyana akwai mafita, tun ranar 6 ga Yuli 1885 da Luwi Fasto ya yi wa wani yaro allurar farko a Faris ya tsira. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, ana zuba ruwa, sa'an nan a tafi likita a ranar, ba tare da jiran a ga yadda karen zai ƙare ba. Shi kuma karen, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi ƙarƙashin idon likitan bisashe aƙalla kwana 10 maimakon a kashe shi nan take, domin halin da zai shiga cikin kwanakin nan yana taimaka wa likita ya san inda aka dosa. Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna abin yana yiwuwa: a Njamena, a 2012 da 2013, an yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura, ciwon ya yanke na wani lokaci, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi.

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya a kan kare? Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki rayayyen kare najasa ba, kuma shari'a ta yarda a ajiye shi don kiwo da gona da farauta. Ƴan makarantar allo ma sun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗaure dabba a gidansa, cinta da shanta suna wuyansa.

Na koma wurin dattijo da wannan bayani, ya saurara har na gama. Batun kyarketan Amurka bai dame shi ba, amma da na zo kan ƙullin huhu sai ya yi shiru, ya ce shekara arba'in yana jefa wa karnukansa irinsa. Yanzu jan karen yana cin tuwo da nono da safe, da dare kuma a sa masa kabewa da abin da aka samo daga mahauta, dafaffe. Jikan dattijon ya ja shi zuwa ma'aikatar bisashe an yi masa allura, an ba su kati. Jiya da hantsi na sake ganinsa a bayan gida, ya tsinki ganye uku ko huɗu ya wuce.

Dattijo ya dube ni ya ce: "To, ɗana, ga shi a ƙoshe, ga allura, ga maganin tsutsa. Yanzu kuma me ya kai shi?"

Na ce: "Baba, wataƙila daɗinta yake ji."